Yadda Kailu Ya Gyara Ledar Marigayi

A duk unguwar bayan kasuwa ta Filingue babu ɗakin da ake zuwa kallo kamar salon Manzo direba, wato falon gidansa. Manzo yana jan motar haya tsakanin Filingue da Yamai, kuma a can ya gano wata irin ledar ƙasa wadda ba a naɗe take zuwa ba. Falle-falle ce, dogaye kamar falankin katako, har da zanen jijiyar itace a jikinta. Ya riƙa ɗauko ta kwali-kwali a ƙarƙashin kujerar mota. Da ta cika, ya durƙusa da kansa, ya shafa gam a kan siminti, ya jera ta falle yana cizon falle. Mata kan shigo gaida matarsa Habsa, su manta da gaisuwa su tsaya shafa ƙasa da tafin hannu.

Kula da ita ba wuya. Tsintsiya mai laushi da safe, sai a tsoma tsumma a ruwa, a matse shi sosai, a goge. Haka Habsa ta yi shekaru tana yi, ledar kuwa kullum kamar jiya aka sa ta.

Sai Allah ya yi wa Manzo rasuwa a ƙarshen damina. 'Yan makoki suka cika gidan, wannan ya shigo da yashi a ƙafa, wancan ya zubar da fura, wani ya tofar da tuƙar goro a lungu. Habsa ta shiga takaba, ta koma uwar ɗaka bayan labule, tsofaffi suka ja mata kunne: ba fita, ba ɗaga murya, ba sa-in-sa da namiji. Daga bayan labulen take leƙen ledar tana ganin yadda ta dushe. Motar da Manzo ke ja ta koma wurin mai ita, tufafinsa an raba. Abin da ya rage mata wanda hannunsa ya yi shi ne wannan ledar. Ta ƙudura, kafin sadakar arba'in da dangin Yamai za su zo, za ta bi ta da tsumma a hankali har ta dawo yadda ya bar ta.

Ana cikin haka Kailu ya sauka daga Baleyara da jakarsa.

Kailu ƙanin Manzo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sai ka rantse ba nono ɗaya suka sha ba. Aikinsa ran kasuwa ya bi dillalan awaki yana sa baki a cinikin da ba a kira shi ba. Ya taɓa zuwa Kwatano ya yi 'yan watanni, ya dawo da baƙin tabarau da labarin wani otal mai bene. Waɗanda suka je tare da shi sun ce bakin ƙofar otal ɗin yake zama yana korar 'yan talla. Shi kuwa cewa yake shi ne shugaban masu goge ƙasa.

Ya tsaya tsakiyar salon, ya ɗaga tabarau, ya yi tsaki.

"Matar yaya, wagga ƙazanta za a nuna ma mutanen Yamai? Allah ya so ki ina raye. Kafin ranar sadaka, duk wanda ya shigo nan sai ya ga haƙoransa a ƙasa."

Habsa ta ce daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa, "Kailu, bar ta. Tsumma kawai taka so. Ni zan goge."

"Mi kika ce?"

"Na ce tsumma."

"Tsumma!" Ya yi dariya har da dafa bango. "A Kwatano, in anka gan ka da tsumma, ranar za a kore ka. Zamna ki yi takabarki. Wanga aikin maza na."

Da safe ya fita da buhu, ya dawo da yashi mai kaushi, ya bi murhun maƙwabta ya kwaso toka, ya ari soson ƙarfe. Ya ce duk abin da ke fitar da baƙin tukunya, dauɗar ƙasa ba za ta gagare shi ba. Ya naɗe wando, ya watsa yashin da tokar, ya durƙusa ya kama dirza. Ƙarar sai ka ce ana wasa adda. Habsa tana jin kowace dirza a haƙoranta.

Hauwa maƙwabciya, wadda ke kawo wa Habsa abinci tun ranar rasuwa, ta shigo da kwano ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kailu, tukunyar wa kaka wankewa?"

"Ke dai wuce, ba ki san aikin otal ba."

Ya share yashin gefe don ya nuna mata. Inda ya dirza ya yi fari fat, zanen itacen ya tafi, sai ƙarce-ƙarce kamar kaji sun yi tono.

Hauwa ta ce, "Lalle dauɗa ta hita. Ta tahi da ledar ma."

"Wanga hwarin da kika gani, toka ce ta kwanta. Ruwa ya rage."

Habsa ta ce, "Kailu, don Allah kada ka zuba mata ruwa. Shi bai taɓa zubawa ba."

"Shi ya sa ba ta taɓa wankuwa ba, Allah shi jiƙan shi."

Ya leƙa waje ya tsayar da masu ga-ruwa. Suka shigo da jarkoki a baro, ya sa suka kwarara a ƙasa kamar ana wanke mahauta. Ya toshe bakin ƙofa da buhu, ya ce a bar ruwan ya jiƙa dauɗar har la'asar. Habsa ta naɗe tabarmarta ta hau gado, tana kallon takalmin sallarta yana yawo a bakin labule.

Da la'asar ya buɗe, ruwan ya fita tsakar gida, amma ba duka ba. Rabinsa ya bi tsakanin fallayen ya shige ƙasa. In ka taka nan, sai ruwan toka ya yi tsartuwa can. Washegari gam ya saki, bakin fallayen ya ɗaga, ɗakin ya kama warin rijiyar da aka daina ɗiba.

Hauwa ta taka da yatsan ƙafa, ƙasa ta ce caɓal.

"To, shugaban masu goge ƙasa, yanzu kihi za mu zuba ko shinkahwa za mu dasa?"

Kailu bai ko kalle ta ba. "Abin da ya jiƙe shanya shi akan yi. Tunda ba ta ɗaukuwa zuwa rana, rana za ta zo ta iske ta."

Ranar da yake nufi garwashi ne. Ya bi unguwa ya aro kaskon turaren mata, ya aro murhun mai shayi na bakin tasha, ya aro dutsen guga na mai wanki. Ya hura gawayi ya yi jajir, ya jera kasake a kan ledar tun daga ƙofa har labule, ya rufe taga don kada zafi ya tsere. Shi kuma ya ɗauki dutsen gugar yana bin bakin fallayen da suka ɗaga yana dannawa.

Ba a jima ba unguwa ta ɗauki wari. Mai faci na bakin hanya ya fito yana tambayar wa ke ƙona taya. Mata suka yo gidan da bokitai suna salati. Hauwa ta banke ƙofa, hayaƙi ya tarye ta, ta kutsa ta janyo Habsa zuwa bakin tagar uwar ɗaka tana yi mata fifita da mayafi.

"Kashe ta za ka yi ta bi mijinta?"

Kailu ya fito daga hayaƙin, ido jajir, dutsen guga a hannu, wani falle ya manne a gindin dutsen yana reto. Da aka kwashe kasaken, ƙarƙashin kowanne ya bar baƙin zobe. Fallayen da ke kusa da wuta sun lanƙwashe sun kafe, wasu sun yi tozo, wasu sun ɗaga kai kamar busasshen kifi.

"Ta bushe ko ba ta bushe ba?" in ji Kailu yana tari. "Ku hwaɗi gaskiya."

"Ta bushe," in ji mai faci. "Har ta gasu. Yaji ya rage."

Habsa ta dafa taga, ta ce a hankali, "Kailu, na roƙe ka da girman Allah, tsaya haka nan."

"Matar yaya, in na tsaya nan mutane su ce mi? Ƙasa ce ta tashi. Ƙasar da ta tashi kuwa tun kakanni an san maganinta."

Maganin shi ne daɓe. Da sassafe sai ga Kailu ya shigo da tsofaffin matan unguwa, kowace da madaɓinta, irin katakon da ake bugun ƙasar sabon ɗaki da shi har ta kwanta ta yi santsi. Inna Muna ce a gaba, wadda babu ɗakin amarya a unguwar da ba ita ta jagoranci daɓensa ba. Ta duƙa ta taɓa ledar, ta shinshina yatsanta.

"Ɗan nan, wagga ba ƙasa ba ce. Roba ce."

"Inna, ƙasar Turawa ce. Bugu ɗaya taka so da tamu."

"To ina tsakuwa? Ina makuba?"

"Ku dai ku buga."

Inna Muna ta ɗaga kafaɗa. An yi mata alkawarin goro, kuma ta daɗe ba ta samu daɓe ba tunda siminti ya cika gari. Matan suka jeru a durƙushe. Daɓe da waƙa ake yinsa, amma gidan makoki ne, sai suka yi shiru suna bugu, tim, tim, tim, fuska a murtuke kamar masu hukunta ɓarawo. Ledar da wuta ta riga ta busar ba ta jure ba. Falle ya tsage nan, baki ya ɓalle can, gutsattsari suna tsalle suna faɗa wa Kailu a ƙafa. Shi kuwa yana tsaye a kansu, hannu a baya.

"Yawwa! Ku ƙara ƙarhi wajen ƙohwa. Haka munka yi ma bene na bakwai."

Hauwa ta ce, "A benen ma tsohi kunka kira da madaɓi?"

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, ta tuna inda take, ta mayar da ita salati.

Da suka tashi, ƙasa ta kwanta, ba a musu. Ta kwanta irin kwanciyar abin da mota ta bi ta kai. Inna Muna ta karɓi goronta, ta leƙa bayan labule ta ce, "Habsa, ki yahe mu. Ni dai na hwaɗi roba ce." Habsa ta sunkuyar da kai. Ta sa gefen mayafi a baki ta cije.

Ana gobe sadaka, Kailu ya zauna a dokin ƙofa yana duban aikinsa: fari a nan, baƙi a can, tsaga ko'ina. Ko shi ya ga da saura. Sai ya tashi ya nufi gidan masu ƙuli-ƙuli, ya dawo da galan na man gyaɗa. Ya tuttula, ya bi da tafin hannu lungu-lungu yana shafawa kamar mai yi wa jariri wanka. Man ya shige ƙarce-ƙarcen ya rufe farin, ya bi tsagogin ya cika su. Hasken taga ya faɗo a kai, ɗakin ya ɗauki ƙyalli.

Kailu ya ja da baya ya sa tabarau.

"Hauwa! Zo ki ga haƙoranki."

Hauwa ta leƙo daga waje, ba ta taka ba. "Na gani. Sai a kawo ƙullu a soya masa."

Ya ja ƙofa ya rufe, ya ce kada kowa ya shiga sai manyan baƙi, Hauwa ma ta riƙa miƙa abinci ta taga.

Ranar sadaka ƙofar gida ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, liman ya ja addu'a, aka shafa, aka raba sadakar masa da goro da dabino. Baba Magagi, ƙanin mahaifin su Manzo, shi ne babban dangi, ya zo daga Yamai cikin farar babbar riga da ta sha guga, tare da surukinsa Saminu, ma'aikacin gwamnati mai takalmi da safa. Tun ana addu'a Kailu ke mutsu-mutsu. Ana shafawa ya miƙe.

"Baba, ku taso ku gaida mai takaba. Ku ga kuma yadda na gyara ɗakin marigayi. Ba yabon kai ba, ko a Yamai sai an tona kahin a samu irin shi."

Ya ɗauki faifan goro da dabino, ya wuce gaba, manya suka biyo shi, sauran jama'a suka taso kallo. Ya tura ƙofa, ƙyalli ya bugi idon mutane, wani ya ce, "Tabarkalla." Kailu ya waiwayo ya yi murmushi, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga ƙafa ya taka kamar mai hawa mumbari.

Ƙafar ba ta tsaya inda ya sa ta ba. Ta yi gaba, ɗayar ta bi ta, faifai ya tashi sama, Kailu ya sauka da baya ya tafi suuu har ya daki bangon gabas. Goro da dabino suka zubo masa a ciki.

Saminu ya yi tsalle zai taimaka, safarsa ta taɓa mai, ya rarumi abin da ke kusa. Abin da ke kusa kuwa hannun rigar Baba Magagi ne. Tsohon ya dogara sanda, sandar ta zame, su biyun suka zauna daɓas a tsakiyar ɗaki, suka juya sau ɗaya kamar faifan da aka murza, suka tsaya suna fuskantar jama'a.

Liman yana da ƙafa ɗaya a sama, ya mayar da ita waje a hankali.

"Daga nan ma addu'a tana isa," in ji shi.

Baba Magagi ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, hularsa ta faɗi ta tafi tata tafiyar. Sai kuma ya daina yunƙuri ya kama dukan cinyarsa. Man gyaɗan da ya kwana a tsagogi ya tara cinnakun unguwar kaf, kuma sun sami hanya ta ƙafar wando. Saminu ya manta shi ma'aikaci ne, ya kama ihu yana cire safa. Aka miƙa musu tabarya daga bakin ƙofa, aka janyo su ɗaya bayan ɗaya kamar ana fitar da guga. Da Baba Magagi ya miƙe a tsakar gida, bayan farar rigarsa ya zama ruwan ƙasa, gutsuren leda ya manne masa a mazaunai. Yara da manya kowa ya kama bakinsa, kafaɗu suna rawa.

Kailu ya fito da rarrafe, tabarau ya karye gefe guda.

Baba Magagi ya nuna shi da sanda. "Kai, mi ka yi ma ɗakin ɗan'uwanka?"

Kailu ya duba jama'a, ya ga ido ya yi yawa. Ya kakkaɓe gwiwa.

"Baba, aikina ba shi da laihi. Ledar ce jabu. Tun da na gan ta na sani. Marigayi, Allah shi jiƙan shi, bai san kaya ba, cutar shi anka yi a Yamai. Da ta ƙwarai ce..."

Labulen uwar ɗaka ya buɗe. Habsa ta tsaya a bakinsa cikin mayafin takaba, ba ta taka ledar ba, kuma wannan karon har na rumfa sun ji muryarta.

"Baba, ku gahwarce ni, an ce kada in ɗaga murya. Na yi shiru ya dirje ta da yashi. Na yi shiru ya jiƙa ta, ya gasa ta, ya sa anka duke ta. Amma ba ni shiru ya zagi wanda ke kabari. Mutumin nan da ciwon ƙirji ya durƙusa ya jera ta, hwalle-hwalle, yana tari yana dariya. Shekaru muna takawa, ko baki ɗaya bai ɗaga ba. Kai kuwa, Kailu, otal ɗin da ka goge, Allah ya sa mutanen ciki sun hita da rai."

Babu wanda ya tsawata mata. Inna Muna, wadda ta fi kowa ja mata kunne kan takaba, ta ce, "Ƙara mishi."

Baba Magagi ya ce, "Ɗiyata, mi kika so a yi?"

"Ya ɗebe ta da hannunshi. Ya wanke kowane hwalle da sabulu da tsumma, a waje, ba cikin gidan ga ba. Wanda ya tsira a ba ni."

Haka aka yi. Washegari ranar kasuwar Filingue ce, hanyar kasuwa kuwa ta ƙofar gidan ta bi. Masu jakai da masu amalanke da matan ƙauye masu tallan nono duk suka wuce Kailu zaune a ƙasa, tsibin leda a gabansa, tsumma a hannu, Hauwa a kan kujera tana duba kowane falle tana jefa masa wanda bai fita ba. Wani dillalin awaki daga Baleyara ya gane shi ya tsaya.

"A'a, Kailu! Wanki kaka yi yanzu?"

"Koya musu nika yi," in ji Kailu, bai ɗaga kai ba.

Da yamma Hauwa ta shiga da abin da ya tsira a hammata. Ba yawa, 'yan fallayen da ke bin bango ne, inda yashi da wuta da madaɓi ba su kai sosai ba. Habsa ta share gefen gadonta, ta durƙusa ta jera su, falle yana cizon falle. Suka rufe wuri daidai inda mutum ɗaya zai tsaya ya yi salla. Ta tsoma tsumma a ruwa, ta matse shi sosai, ta goge.

Daga tsakar gida aka ji muryar Kailu.

"Matar yaya, in gam kika so, na san yadda aka dahwa shi da ƙaro. A Kwatano..."

Hauwa ta miƙa hannu ta ɗauki tabarya. Kafin ta kai ƙofa, sai ƙarar takalminsa a zaure.